Tandu a Cikin Babur

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, babu malamin makarantar da bai sayi babur ba a garin Gombe, har wanda ko keke bai iya ba. Da safe in ka tsaya a bakin hanyar Shamaki sai ka ga sun jero, kowa ya ɗaure littattafai a baya ya ɗaga haɓa, kai ka ce shi ya haƙo man fetur ɗin da hannunsa. Masu tafiya a ƙasa kuwa dole suka koyi bin gefen kwata.

Wannan abu ya tsaya wa Ɗantala a rai. Ɗantala baduku ne ɗan badukai, iyayensa daga Kano suka zo suka zauna a Shamaki, kuma a faɗi gaskiya hannunsa na da kyau a takalmi. Bakinsa ne ya fi ƙarfinsa. Ya taɓa yin rani ɗaya a Kano yana ɗinka rigar kujerar mota a gefen wani gareji, to tun daga nan ba a sake maganar inji a gabansa ya yi shiru ba. Ko jirgin sama ne ya wuce sai ya karkata kai ya saurara, ya girgiza kai ya ce, "Wannan fulogi ɗaya ba ya ci."

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malam Isaiah, mutumin Kaltungo, malamin lissafi, mai haƙurin da har ya yi yawa. Babur ɗin Malam ja ne, irin mai hayaƙin nan da ake zuba wa giyabos nasa man daban. Bai daɗe a hannu ba ya fara ɗigar da mai ta gefen cen, wato sarƙar da ke juya taya. Kullum matar Malam, Juliana, wadda unguwa ke kira Maman Lois, sai ta wayi gari da baƙin tabo a simintin da ta wanke. Makanikai suka duba suka ce sil ne ya mutu, wato 'yar robar nan mai kama da zobe da ke hana mai fita. Na kamfani babu shi a gari, sai an aiko daga Jos, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Baburan malamai da dama haka suke ɗiga suna jira.

Wata safiya malamai na shan shayi a bakin layi suna wannan kuka, sai ga Ɗantala ya ja benci ba wanda ya gayyace shi.

"Jos?" ya ce. "Saboda roba? Ni da na kwance injin tirela a Kano na mayar, har na rage musu kusoshi suka ajiye?"

Malam Isaiah ya ce, "Maƙwabci, ai ni da takalmi na san ka."

"Malam, takalmi da babur duk ba tafiya ake yi da su ba?"

Hedimasta Noah, shugaban makarantarsu, ya ajiye kofi yana dariya ya ce in da gaske yake a gani a ƙasa. Ɗantala da bakinsa ya yanka wa kansa sharaɗi: a ba shi babur ɗin Malam Isaiah, ran Asabar a hau shi a je Kagarawal a dawo, a tsayar da shi a kan farin ƙyalle a gaban jama'a. In aka ga ɗigo ɗaya, kar a sake kiran sa Ɗantala. In ba a gani ba, duk baburan makarantar wurinsa za a riƙa kawowa. Hedimasta ya ce ya yarda. Malam Isaiah ya buɗe baki zai ce wani abu, ya ga kowa na kallonsa, sai ya miƙa makulli.

Daga nan Ɗantala bai zame ko'ina ba sai rumfar yayansa Inuwa a kasuwa, inda yake zaman ɗinki tun yana saurayi. Ya naɗe buzunsa, ya tattara wuƙa da basilla.

Inuwa ya ce, "Ina zuwa?"

"Yaya, zamanin ƙafa ya wuce. Nan da baɗi ba mai taka ƙasa a garin nan, balle takalmi ya cinye."

"To ka ji da kyau. Jalo ya daɗe yana gyaran takalmi a cikin rana can bakin rumfa. Ka ɗaga buzun nan, nasa zan shimfiɗa, kuma ba zan tashe shi ba."

"A shimfiɗa masa biyu," in ji Ɗantala.

Kafin ya kai bakin titi Jalo ya shige inuwa ya miƙe ƙafa. Ɗantala kuwa ya wuce wajen mai fenti aka rubuta masa allo da manyan haruffa, INJINIYA ƊANTALA LIKITAN BABUR, ya kafa a ƙofar zaurensa. Komawa baya dai babu ita, kuma hakan daɗi ya yi masa.

Ya je shagon Ernest mai kayan gyara da tsohon sil ɗin a aljihu. Ernest ya zazzage kwali, ya gwada wannan ya gwada wancan, ya ce, "Oga, na kamfani babu. Akwai na kasuwa, amma ba daidai naka ba. Wannan ya yi girma kaɗan, wannan ya yi ƙarami kaɗan. Ka jira, ana kawowa."

"Ba ni duka biyun."

"Oga, ba zai shiga ba fa."

"Ni aka kawo wa ƙafar da ba ta shiga takalmi ba na shigar da ita. Naɗe min."

A zaure ya jingine babur, ya cire murfin gefe, maƙwabta suka taru a bakin ƙofa. Ya ɗauki babban sil ɗin ya jujjuya. A cikinsa akwai wata 'yar waya nannaɗe da ta zagaye bakin robar, ita ce ke matse shi a jikin ƙarfe. Ɗantala ya sa basilla ya ƙwaƙulo ta ya cillar waje.

"Kun gani? Ko share kayan ba sa yi kafin su sayar."

Sai ya wasa wuƙa ya bi gefen robar yana ragewa kamar yadda yake yi wa tafin takalmi, har da hura gefen yana dubawa da ido ɗaya. Ya tura ya shiga salun-alun. Ya zuba mai. Da can ɗigo babur ɗin yake yi, ɗaya yanzu ɗaya an jima. Yanzu kuwa sai mai ya kama hanya siriri, ya ratsa zaure, ya fita ta ƙofa, ya bi gindin katanga ya tsaya daidai ƙofar Maman Lois.

Ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Injiniya, sannu da aiki. Na ga man ya san gida, shi ya riga babur ɗin dawowa."

"Wankin ciki nake yi masa, Maman Lois. Sai tsohon mai ya fita tas."

"Sabon da maigida ya saya jiya ne ka zuba."

"To shi ma a gwada shi."

Washegari ya juya kan ƙaramin. Duk baduku ya san maganin takalmin da ya matse: a jiƙa a ɗora a kan itace ya buɗe. Ya tafasa ruwa ya jefa sil ɗin, ya tsamo, ya cusa shi a kan ƙotar fartanya yana bubbugawa da guduma. Robar ta miƙe, ta ƙara miƙewa, Ɗantala na cewa jama'a su lura da kyau domin ba kullum ake koyar da wannan kyauta ba. Sai ji kake tas! Rabi ya bugi allon Injiniya, rabi ya faɗa kwata.

Malam Isaiah, wanda tun ranar yake zuwa makaranta a ƙafa, ya tsaya a ƙofa da jakarsa. "Maƙwabci, ko dai mu haƙura mu jira na Jos ɗin?"

"Malam, kai da ka yi boko kake faɗin haka? Ai yanzu na gano ciwon. Robar ce ba ta da asali."

Nan ne wata dabara ta faɗo masa, har sai da ya miƙe tsaye ya dafa kai. Tandu! Kakansa tandu yake yi, ɗan kurtun nan na ɗanyar fata da mata ke ajiye man shanu a ciki shekara da shekaru ba ya yoyo. Tun kafin Bature ya san roba fata ke riƙe mai a ƙasar nan. Ya kori 'yan kallo, ya sa asabari a ƙofar zaure, ya ce daga yanzu aikin na sirri ne.

Ya je wurin Shu'aibu mahauci ya karɓo ɗanyar fatar bijimi, wajen wuya inda ta fi kauri. Ya jiƙa, ya kankare gashin, ya yanko zobe. A nan kam hannun gado ya nuna kansa, zoben ya fito da kyau kamar an zana. Ya cusa shi a gurbin sil, ya bar shi ya bushe ya ƙanƙame ƙarfen ƙam. Ya zuba mai yana murmushi. Zuwa la'asar fatar ta jiƙe, ɗigo ya dawo.

Da wani ne da ya saduda a nan. Ɗantala kuwa sai ya tsuguna ya shafo man a yatsa ya murza, ya ja tsaki. Laifin ba na fata ba ne. Wa ya taɓa zuba wannan tsararon abu mai kama da ruwan shayi a tandu? Tandu mai kauri aka san shi da shi, man da in ya zauna ya zauna. Ya sake komawa wurin Shu'aibu.

"Kakiɗe nake so, mai kyau, cikin kwano."

"Har cikin kwano? Biki ake?"

"Baƙi zan yi daga Kano, manyan mutane."

Ya tsiyaye man giyabos tas, ya narkar da kitsen a gwangwani, ya ɗura shi da zafinsa, ya toshe. Lokacin tsakiyar damina ne, gari da sanyi-sanyi. Kafin gari ya waye kakiɗe ya daskare a cikin babur kamar sabulu.

Ran Juma'a aka ɗage asabari. Ga babur tsaye a kan farar takarda, takarda kuwa fes. Mutane suka dawo daga masallaci suka duba, fes. Malamai suka taso daga makaranta suka durƙusa suna leƙe, Hedimasta har da sa tabarau. Maman Lois ta zo ta zura hannu ƙarƙashin inji ta shafa, ta duba tafinta, ta koma gida ba ta ce uffan ba, abin da ya fi komai faranta wa Ɗantala rai.

"Wane irin sil ka sa?" in ji Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ba a samun sa a kanti. Kamfani ma in sun ji labari sai sun aiko."

Yinin nan har waɗanda suka girme shi Injiniya suke kiran sa. Ya aika a gaya wa Yaya Inuwa ya zo kallo gobe, ya taho da Jalo in rumfa za ta iya rabuwa da shi.

Asabar da hantsi layin ya cika. Ɗantala ya fito cikin farar rigarsa ta Salla da hula, murfin gefen babur kuwa bai mayar ba, domin kusoshin sun yi ɓatan dabo, ya ce inji na son iska. Maman Lois ta kawo farin ƙyallen teburinta aka shimfiɗa a tsakiyar layi. Malam Isaiah ya hau ya taka kik. Kik ya ƙi motsi. Ya miƙe ya hau kansa da duk nauyinsa, ko gezau.

"Ƙarfi ne ya dawo masa," in ji Ɗantala. "Haka sabo yake a kamfani. A tura!"

Ya ɗare baya, malamai suka tura, suka tura, har Hedimasta ya sa hannu. Babur ya yi tari, ya zabura kamar an tsikare shi, hular Injiniya ta tsaya a Shamaki su kuwa suka yi gaba.

Da farko giya ta ƙi shiga sai da duka. Amma da inji ya ɗau zafi, kakiɗe ya saki, sai giya ta koma shiga da ɗan taɓi kawai. Malam Isaiah ya juyo da mamaki na gaske.

"Maƙwabci, ko ranar da na saye shi bai yi wannan laushi ba!"

"Na gaya maka! Ka faɗa da ƙarfi mutane su ji!"

Ɗantala ya shiga ɗaga wa mutanen gefen hanya hannu biyu. Can Malam ya shaƙi iska ya ce, "Wani na suya a nan kusa." Suka ƙara gaba ya ce, "A nan ma." Da suka doshi Kagarawal ya ce, "Ikon Allah, yau duk garin nan nama ake soyawa?"

Ɗantala kuwa sai ya ji wani abu mai ɗumi na sauka a ƙafarsa ta hagu. Ya duba. Fatar nan ta sha zafi cikin kitse ta kumbura ta yi laushi, kakiɗe na ɓulɓulowa ta gefenta, cen na ɗiba yana fesa masa a riga tun daga ƙafa har kafaɗa. Ya ja rigar ya rufe, ya ci gaba da ɗaga hannu ɗaya.

Manoman Kagarawal suna da karnuka na gadin gona da farauta. Na farko wani ja ne mai yankakken kunne, yana kwance gindin bishiya, ya ɗaga hanci ya miƙe. Kafin su juya kan babur karnukan sun zama ayari. Wani tsoho da fartanya a kafaɗa ya tsaya yana kira, "Kai masu babur! Ina za ku kai mana karnuka?"

"Malam, ƙara wuta!"

"Wutar ke nan!"

Kuloci ya sha kitse ya fara zamewa. Inji na ihu kamar zai tashi sama, babur kuwa tafiyar jaki yake yi, daidai sassarfar kare. Jan karen ya lashi idon sawun Ɗantala. Ɗantala ya ɗaga ƙafafu sama ya rungume Malam ta ciki yana salati. Wani karen ya kama gefen riga ya ja, ta yage. Wani ya tafi da takalmi ɗaya, takalmin da Ɗantala ya ɗinka da hannunsa.

"Maƙwabci, me ka zuba a babur ɗina?"

"Ka kula da hanya, Malam, a gida ma yi lissafi!"

Haka suka shigo Shamaki, hayaƙi a gaba, karnuka a baya, ƙanshin soye ya cika layi har mata na leƙowa ta katanga. Jama'a suka dare. Malam Isaiah ya tsayar da babur a kan ƙyallen ya kashe. Ɗantala ya sauko da takalmi ɗaya, rabin rigarsa na ƙyalli, ya gyara tsayuwa kamar ba abin da ya faru.

Ɗis. Ɗis. Ɗis. Kowa ya sunkuya. Abin da ke ɗiga garai-garai yake, yana taɓa ƙyalle kuma sai ya daskare ya yi fari.

Ɗantala ya ga 'yar ƙofa, ya yi wuf ya shige. "Jama'a ku shaida! Ina baƙin mai? Wa ya ga baƙi? Ƙyalle fari aka shimfiɗa, ga shi nan fari!"

Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Maman Lois ce ta durƙusa ta kankaro abin da farce, ta sansana, ta ɗan taɓa a harshe.

"Gishiri kawai ya rage," ta ce.

Daga bayan taro sai muryar Shu'aibu mahauci, da zuciya ɗaya: "Injiniya, ya baƙin Kano? Sun ji daɗin kakiɗen kuwa?"

Kafin Ɗantala ya haɗa amsa, jan karen ya kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane, ya zura baki inda murfi ya kamata ya kasance, ya kamo wani abu da ya leƙo, ya turje ya ja. Zoben ya fito ya dahu luguf, ya zama ganda sosai. Sauran kakiɗen ya kwararo gaba ɗaya a kan ƙyallen Maman Lois. Karen ya koma gefe ya kwanta yana taunawa.

"Injiniya," in ji Hedimasta a hankali, "wancan mene ne?"

"Sil ne, ranka ya daɗe."

"Na wane kamfani?"

Shu'aibu ya matso ya leƙa. "Af! Ai na bijimin da na yanka ran Talata ne. Wajen wuya."

Layin ya fashe. Wani malami ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, Ernest ya jingina da katanga yana share hawaye, Jalo ya rufe baki da hula kafaɗunsa na rawa. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Inuwa ya juya ya kama hanyar kasuwa. Malam Isaiah kuwa ya tsaya yana kallon babur ɗin da ya yi shekaru yana mafarkin saye, karnuka na lasar cikinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya zare makulli ya sa a aljihu, ya kama kan babur ya tura shi gida, karnuka na biye. Wannan shirun ya fi dariyar duka yi wa Ɗantala ciwo, kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa ido.

Ran Litinin da sassafe ya bayyana a rumfa da buzu a hammata. Jalo na zaune a inuwa, a gurbinsa.

"Yaya, na zo ne in ɗan taimaka muku, na ji aiki ya yi muku yawa."

Inuwa bai ɗago ba, ya nuna masa bakin rumfa da basilla, inda rana ke faɗowa tun hantsi. Allon Injiniya ma ya yi amfani, shi Ɗantala ya jingina a kan sanda yana kare kansa da shi.

Kwanaki suka shuɗe, sil na Jos bai iso ba, makanikai kuma suka ce ko ya iso sai an kwance giyabos an wanke da kananzir. Malam Isaiah ya yi ta zuwa makaranta a ƙafa har tafin takalminsa ya ɓule. Wata ranar kasuwa sai ga shi a rumfa da takalmin a hannu. Ɗantala ya hango shi, zuciyarsa ta yi fari, domin wannan kam aikinsa ne, duk Gombe ba wanda ya fi shi. Ya goge hannu a riga ya miƙa duka biyun.

"Kawo, Malam. Ban gaya maka ba, takalmi da babur duk ɗaya ne? Wannan kafin ka zauna na gama."

Malam Isaiah ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi rana. Sannan ya ɗaga takalmin ta saman kan Ɗantala ya miƙa wa Jalo.

Ɗantala ya daɗe da hannu a miƙe kafin ya sauke. Da ya waiwaya ya ga ko akwai wanda ya lura, sai ya yi ido huɗu da jan karen nan mai yankakken kunne, wanda tun ran Asabar ɗin bai koma Kagarawal ba. Yana kwance a gindin allon, ya ɗora haɓa a ƙafa, yana jira Injiniya ya sake buɗe gareji.